Ranar da Na Ɓuya wa Inna a Bayan Amalanke

Ko da tsufa zai kwashe mini komai a kai, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na kai surukina kallon faɗuwar rana a Illela ba. Har yau in na ji an busa usur, ko da a filin ƙwallo ne, sai yammacin nan ya dawo mini sabo.

Bari in faro daga Legas, domin can na kwaso wannan cuta. Ina aiki a wani kamfanin fiton kaya a tashar jiragen ruwa. Wata rana kamfanin ya kwashe mu zuwa wani tsohon gari a bakin teku, wai mu sha iska. Aka haɗa mu da wani ɗan jagora mai malafa da takalmin hawan dutse, ga usur rataye a wuya. Ya zaga da mu cikin garin yana nuna mana tsofaffin gidaje yana zuba bayani, sannan ya ja mu muka hau wani tudun yashi daidai lokacin da rana ke nutsewa cikin ruwa. Har manajanmu, wanda bai taɓa yaba wa ɗan Adam ba, sai da ya tafa masa. Ni kuwa ba ranar nake kallo ba, ɗan jagoran nake kallo. Na ce a raina wallahi ni ma sai na yi wannan a garinmu. Kafin mako ya zagayo na sayi malafa, na sayi takalmin, na sayi usur, na ajiye ina jiran dama.

Damar ta zo ne ta dalilin Rukayya, yarinyar da nake nema a Agege. Mahaifinta ya rasu, don haka maganar aurenta na hannun baffanta, Alhaji Mamman, falken shanu, mutumin da ba ya dariya a banza. Da na je gaishe shi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, an shaide ka a nan, ban musa ba. Amma ba ka da uwa ba ka da uba a raye, kuma a Legas kowa na iya zama ɗan kowa. Ina zuwa Illela sayen shanu. Zan ga mutanenka da idona. In na ga akwai inda za a kai yarinya a riƙe ta, to. In ban gani ba, sai ka yi haƙuri."

Mai hankali ya ji wannan magana ya san abin yi: ya kai dattijo gidajen dangi, a zauna, a gaisa, a ci tuwo. Ni abin da kunnena ya ji shi ne, ga ɗan yawon buɗe ido Allah ya kawo mini har gida.

Na riga su isa Illela da kwana ɗaya. Lokacin kaka ne, an fara girbin gero, kuma fadamar da ke yamma da gari tana cike da ruwan damina. A gefenta akwai wani dutse da muke hawa muna yara. Daga samansa, in rana za ta faɗi, ruwan nan kan yi ja wur. Na ce ai ga tekuna. Na tsara komai a kaina: bayan La'asar mu zaga gari da ƙafa, mu leƙa dangi a tsaitsaye, mu hau dutse, rana ta faɗi, Alhaji ya yi shiru don mamaki, sannan ya dafa kafaɗata ya ce na ba ka. (Har yadda zan sunkuyar da kai in ce na gode sai da na gwada a gaban madubi.)

A ranar da na sauka na je gaida Inna Hajo. Ƙanwar mahaifiyata ce, ita ta ɗauke ni tun ina jariri da mahaifiyata ta rasu, ita ta goya ni, ita ta yaye ni. Ba ni da uwar da na sani sai ita. Amma Inna tana da hali guda: in ka shiga gidanta ba ka fita da wuri. Kuma ba ta da labarin da take so kamar na yarintata, musamman yadda fura ta fito mini da tumbi har aka sa mini suna Ɗan-tumbi. Da na gaya mata baƙi na tafe, ta ce, "In sun zaka, nan za ka hwara kawo su. Ka ji ko?" Na ce na ji, Inna.

Washegari Alhaji ya iso tare da Nasiru, yayan Rukayya, wani mai shegen tsokana da waya ba ta barin hannunsa. Suka gama harkarsu a kara, wato kasuwar shanu, suka yi sallar La'asar, sai ga ni na bayyana. Malafa a kai, wando mai aljihu ta ko'ina, takalmi sabo fil, jaka a baya, usur a wuya. Alhaji yana cikin babbar riga da silifas. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Farauta za mu?"

"A'a, Alhaji, zagayen gari ne. Daga nan mu hau dutse mu ga faɗuwar rana."

"Faɗuwar rana," in ji shi. "To. Mu je."

Na shiga gaba ina tafiya da baya da baya kamar yadda na ga ɗan jagoran nan na yi, ina bayani da hannu. Na nuna musu tsohuwar rijiyar unguwarmu. Na nuna musu titin da ya miƙe zuwa kan iyaka, na ce daga nan zuwa Konni ta Nijar ba nisa. Da muka zo gefen kara, sai na fara yi wa Alhaji bayanin bambancin shanun Nijar da namu. Mutumin da ya fara fataucin shanu tun ba a haife ni ba! Nasiru ne kawai na ji yana tari irin na mai danne dariya.

Matsala ta fara ne a gidan Baffa Malam, wan mahaifina, wanda ke da makaranta a ƙofar gidansa. A tsarina, za mu tsaya a bakin zaure mu ce salamu alaikum, ya amsa, mu wuce. Ina! Kafin in rufe baki an shimfiɗa tabarma, an kawo buzu don Alhaji, an shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, ina mutanen Legas, yaya aka ji da ruwa bana. Suka gano cewa Baffa ya taɓa karantar da wani abokin cinikin Alhaji, sai hira ta koma sabuwa. Na duba rana, na gyara zama, na ce, "Baffa, za mu ɗan wuce."

"Mi kaka sauri?" in ji Baffa. "Zamna ka sha hura."

Ga wanda bai san garinmu ba: baƙo yana iya kurɓa ya ajiye ludayi, ba mai cewa komai. Amma ɗan gida da ya dawo daga Kudu, in ya bar saura a ƙwarya, kafin dare gari ya ɗauka cewa Legas ta ɓata shi, ya raina abincin gida. Kuma a gaban surukin da ya zo duba asalina? Ba zai yiwu ba. Na rufe ido na shanye tas.

Muna fita muka faɗa hannun Kawu Isufu, ɗan kasuwar da rabin rayuwarsa a Konni take, wanda in yana magana sai ya sako sefa, kuɗin Nijar, a kowace jimla. Yana zaune a ƙofar shagonsa da ɗan murhun gawayi da butar shayi. Shayin nan kuwa irin na mutanen Nijar ne, zubi uku, kuma ba a tashi bayan na farko. Ga shi ba a gaggawar dafa shi. Sai an zuba daga sama, a mayar, a sake zubawa, kumfa ta tashi, a ɗanɗana, a ce bai yi ba. Alhaji ya miƙe ƙafa yana jin daɗinsa. Ni ina zaune a bakin benci, ina kallon inuwar shago tana tsawo. Na ce, "Kawu, ko za a haɗa na biyu da na uku?" Kawu ya dube ni kamar na zagi iyayensa.

Bayan shayi aka sake tare mu a wani gidan, aka sake kawo fura. Na sake shanyewa. Zuwa lokacin maɓallin wandona ya fara neman agaji, rana ta yi ƙasa sosai, kuma saura gida ɗaya a kan hanyar dutse, gidan Inna.

A nan ne na yanke shawarar da har gobe nake jin kunyarta. Na lissafa cewa in muka shiga gidan Inna, ba mu ba faɗuwar rana, sai dai fitowar wata. Na ce a raina, dutse tukuna, Inna daga baya, ai tawa ce, za ta fahimta. Muna shiga lungun na hango ta zaune a ƙofar gida kan tabarma, ta ci ado da sabon zane, ga ƙwarya a rufe da faifai a gefenta. Jiranmu take yi. Allah da ikonsa sai ga amalanken shanu ɗauke da karan gero tuli guda yana bin lungun. Ban yi wata-wata ba, na koma ɗaya gefen, na duƙa, na riƙa tafiya a sunkuye daidai da tafiyar shanun. Ƙato da ni, da malafa, da jaka a baya, ina bin taya.

Alhaji kuwa yana tafiyarsa a miƙe. Ya ga tsohuwa a ƙofar gida, ya yi mata sallama, ta amsa. Da muka sha kwana na miƙe ina karkaɗe gwiwa, sai ya ce, "Me ya same ka?"

"Igiyar takalmi ce, Alhaji."

"Wace ce waccan dattijuwar? Na ga tana leƙen bayan amalanke."

Wallahi bakina ne ya riga ni. Na ce, "Wata 'yar uwa ce ta nesa. Gobe ma dawo mu gaishe ta."

"To," in ji Alhaji.

Muka iso gindin dutse rana na shirin taɓa ruwa. Na busa usur (me ya sa? mu uku ne kacal, kuma duk suna gabana), na ce kowa ya bi sawuna, kada wanda ya wuce jagora. Na zaɓi hanyar da ta miƙe tsaye don ita ce gajera. Dutsen nan da nake hawa a guje ina yaro, ban san yaushe aka ƙara masa tsawo ba. Ban yi nisa ba takalmin ya fara cin dunduniyata. Fura da shayi suka fara taro a cikina, kowane taku sai in ji suna kaɗawa. Gumi ya cika mini ido. Alhaji, wanda a ƙuruciyarsa ya kora shanu da ƙafa, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa ya wuce ni da silifas ɗinsa, ko haki ba ya yi.

"Ko mu huta?" in ji Nasiru, waya a sama tana kallona.

"Ba hutu!" na ce. "Sai mun kai!"

Kuma da gaske nake. Na ce ko da rarrafe ne sai na kai dattijon nan saman dutse kafin rana ta faɗi, tunda na riga na sayar da Inna a kan haka. Da rarrafen kuwa na ƙarasa. Hannu, gwiwa, hannu, gwiwa, usur na bugun duwatsu. Ina ɗora ƙafa a kan shimfiɗaɗɗen dutsen da ke sama, na miƙe don in buɗe hannu in ce ga shi, sai jijiyar ƙwaurina ta ɗaure tamau. Na kurma ihu, na zube. Faɗuwar ta girgiza cikin da dama neman dalili yake. Ba zan yi dogon bayani ba. Furar Baffa Malam da shayin Kawu Isufu duk sun dawo duniya, a gaban surukina, kaɗan ya rage su taɓa silifas ɗinsa.

Ina kwance rub da ciki, fuskata na kallon gabas, ƙafa ɗaya a sandare, sai na ji murya daga bayan wani dutse.

"Kai, Ɗan-tumbi!"

Na rufe ido. Na roƙi Allah ya sa aljanin dutse ne.

Inna ce. Ta biyo ta hanyar awaki, wadda ke zagayawa a hankali ta bayan dutsen, wadda ni jagora na manta da ita sam. Ƙwarya a kanta, buta cike da ruwa a hannunta, sabon zanen nan duk ƙarangiya ta kama shi. Tana haki, amma bakinta bai gaji ba.

"Ni kaka ɓoye ma bayan amalanke? Da wagga hula taka mai kama da faifai, kana cewa ban gane ka ba? Ko cikin buhu anka sa ka ina gane tahiyarka! Tun sahe nike damun hura. Mi niy yi maka?"

Ta ajiye ƙwaryar, ta durƙusa, ta fizge takalmin daga ƙafata ta jefar, ta kama ƙwaurin tana murzawa da ƙarfi kamar mai tuƙin tuwo. Ina ihu tana faɗa. Ta zuba ruwa a tafin hannunta ta wanke mini baki da fuska, yadda take yi mini ina ɗan shekara uku. Sannan ta ɗaga kai ta dubi Alhaji.

"Sannunku da zuwa, Alhaji. Ku yi haƙuri da shi. Ni nig goye shi, tun yana jinjiri uwatai ta bar min shi. Yana da kirki, hankali na bai ishe shi ba."

Alhaji ya dube ta, ya dube ni. A hankali ya ce, "'Yar uwa ta nesa, ko?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, kuma ba kunyar aman ba ce. Inna ta ji abin da ya ce. Na ga hannunta ya tsaya a kan ƙafata na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da murzawa ba ta ce komai ba. Wannan shirun nata ya fi duk faɗan da ta yi mini zafi. Hawaye suka zubo mini, na bar su a kan ciwon ƙafa ne.

A cikin wannan hali rana ta faɗi. A bayana. Ban gan ta ba ko kaɗan. Abin da na ji kawai shi ne kiran sallar Magariba yana tasowa daga cikin gari, da Alhaji yana tambaya, "Jagora, ina ruwan alwala?" A jakata akwai tocila, akwai biskit, akwai maganin sauro, har da wata 'yar tuta. Ruwa ne babu. Na shirya kallon faɗuwar rana tun daga Legas, ban taɓa tuna cewa faɗuwar rana ita ce lokacin salla ba. Inna ta tura masa butarta ta ce, "Na san ba ya tunawa, shi ya sa nit taho da ita." Muka yi alwala da ɗan abin da ya rage, muka yi salla a kan dutse, ni a zaune.

Saukowa ta hanyar awaki muka yi, Inna a gaba, ni a baya ina ɗingishi ba takalmi, Nasiru na riƙe da ni yana rawar kafaɗa. Ya raɗa mini cewa ya riga ya tura wa Rukayya hoton bidiyon. A haka muka shigo gari. Na riga na sallama. Na ce shi ke nan, na rasa Rukayya, na ɓata wa Inna, kuma ko ranar ban gani ba.

Gidan Inna muka nufa, ba wanda ya tambayi ra'ayin jagora. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kawo tuwon gero da miyar kuka. Ta ba Alhaji labarin tumbina, da ranar da na maƙale a cikin rumbu, da ranar da na gudu daga wanzami. Duk abin da na hau dutse don kada a ji, an ji shi, har da ƙari. Alhaji Mamman, mutumin da ba ya dariya, ya yi dariya har yana share ido da hannun riga. Ni ina rakuɓe a jikin bango.

Da ya wanke hannu, sai ya juya wajen Inna. Ko kallona bai yi ba.

"Hajiya, na zo in ga ko yaron nan yana da mutane. Na gani. Ya ɓuya miki, ya ce ke ta nesa ce, amma kika hau dutse da ruwa a hannu don kin san zai buƙata. Ku turo manya a yi magana. Sai dai ki sani, ke na ba yarinyar nan, ba shi ba. Shi sai ya ƙara girma."

Inna ta ce, "Na karɓa, Alhaji. Shi ko ku bar min shi."

Bayan sun tafi masauki na durƙusa a gabanta na ce Inna ki yafe mini. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ta nesa?" Na ce wallahi bakina ne. Ta ce in miƙo usur ɗin nan. Na cire na ba ta, ta ce ta yafe.

Yanzu ni da Rukayya muna da ɗiya, sunanta Hajo. In mun zo Illela, a ƙofar Inna mota ke ajiye mu, kafin Baffa, kafin Kawu, kafin kowa. Abin da na koya bai da yawa: in mutum ya ce zai zo ganin mutanenka, to mutanen zai gani, rana kuwa a Agege ma tana faɗuwa. Usur ɗin yana nan a wuyan Inna, da shi take kiran awakinta da yamma, kuma suna amsa mata fiye da yadda kowa ya taɓa amsa mini.

Faɗuwar ranar kuwa na gan ta daga baya, a bidiyon Nasiru, wanda ake kunnawa a kowane taron suna na danginsu. Ta yi kyau ƙwarai, ruwan ya yi ja wur yadda na faɗa. Tana can a ɗan lungu ta sama, in ka kauda ido daga ƙafata da ke hannun Inna.